Jan Ɗigon da Ya Ƙi Tsayawa

Ni na fara kai ƙanin matata kulob ɗin harbi a Dubai, lokacin ko riƙe fistol bai iya ba. Muna zaune fulat ɗaya a Al Qusais, duk Asabar kuma mu je mu yi harbin takardar da ake kafawa don gwada saiti. Bindiga ba ta fita daga kulob, can ake ajiye ta. Shekaru na fi shi iya harbi, yana tsaye bayana yana kallona baki buɗe, ni kuwa ina jin daɗin hakan fiye da kima.

Sai ya sayi madubin saiti, ɗan ƙaramin gilashin nan da ake ɗaura wa fistol a sama. Ka leƙa ka ga jan ɗigo, inda ɗigon ya sauka nan harsashi zai je. Ya ɗauki mafi tsada a shagon kulob. Tun daga ranar takardarsa ta fi tawa kyau, har ma'aikacin filin ya koma tsayawa bayansa yana cewa, "Mashallah, habibi." Na ji kishi, ba zan ɓoye ba. Ko tuwon dare ya miƙo mini, sai in ji kamar gori yake yi.

Na ƙudura sai na karɓe matsayina. Albashina ba ya ɗaukar irin madubinsa, don haka na yi ta zarya shagon ina juya na masu koyo, ina tambayar ƙarfin batir da ko zai zauna a kan fistol ɗin da nake harbi da ita. Na zaɓi mai sauƙin kuɗi, aka ɗaura, aka saita.

Da na leƙa, ba ɗigo na gani ba. Wani jan abu ne mai jela, kamar an ɗiga manja a riga an goge da hannu. Harsasaina suka watse. Na ce ai dama, kayan araha ke nan, yaron nan kuɗinsa ne ke harbi ba shi ba. Na faɗa a gabansa ma.

Bai ji haushi ba. Ya cire harsasai ya ajiye mini bindigarsa.

"Yaya, gwada nawa mana."

Na ɗaga, na leƙa madubin da ya hana ni sukuni. Jelar nan tana nan, ba ta ragu ko kaɗan ba. Na juya bindigar gefe, jelar ba ta juya tare da ita ba. A idona take.

Shi kuma ya leƙa nawa.

"Kai, Yaya, naka tas yake wallahi! In kana so mu yi musanya, khalas, shi ke nan."

Da zuciya ɗaya ya faɗa, shi ya sa ta fi zafi. Na tsaya ina kallon idanunsa, farare tas, ba tabarau. Na ce masa ya bar shi kawai, na miƙa masa bindigarsa, na koma bayansa na tsaya inda ya saba tsayawa.