Shinkafar da Farfesa Ya Ci

Yayana ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan sandar tagulla. Na taɓa tambayarsa me yake nema a jikinta. Ya ce idan aka sako wa ƙarfe wutar lantarki farat ɗaya, a fata take fara tsayawa, sannan ta riƙa nutsawa ciki a hankali, kamar ruwa a busasshen tubali. Lissafin wannan nutsawar yake yi, da hannu. Na ce, "Allah ya taimaka, mu dai a kawo wutar tukuna."

Da aka sa ranar da zai kare digirinsa na uku, Inna ba ta jira sakamako ba. Ta kafa rumfa a ƙofar gidanmu a Tudun Wada, ta gayyato dangi daga Gyallesu har Hanwa, aka ɗora tukwane. Tun da safe unguwa ke kiransa Dakta.

Ni na raka shi, na tsaya bakin taga. Malamin da aka ɗauko daga wata jami'a don ya jarraba shi ya ɗaga wata mujalla, ya ce lissafin nan kaf an riga an buga shi da sunan wani. Sunan Farfesan da ke duba aikin Yaya ne, wanda Yaya ke kai wa kowane babi har gida yana durƙusawa. Yaya ya juya wajen Farfesa ya ce, "Ranka ya daɗe..." Mutumin nan ya kurɓi ruwa ya ce, "Na sha yi masa gargaɗi kan kwafar aikin mutane."

Wallahi da hannuna zai kai, da na shaƙe shi.

Aka hana Yaya digirin. Muka dawo, aka tarbe mu da guɗa. Yaya ya roƙe ni kada in gaya wa Inna. Sai ga Farfesa, don shi ma an gayyace shi. Ya zo fa! Inna ta durƙusa tana cewa, "Allah ya saka, kai ne ubansa." Ya ce amin, ya ci ya ƙoshi, aka cika masa kular abinci da shinkafa. Yaya ne ya kai masa har mota, yana murmushi.

Na zaci abin bai dame shi ba, ashe a fata ya tsaya tukuna. Kafin damina ya daina fita, daga baya ya daina magana. Yau yana zaune a zaure, masu wucewa suna cewa, "Dakta, ina kwana?" Inna kuwa har ta rasu ba ta idar da salla ba tare da ta sa Farfesa a addu'a ba.