Wayar da Aka Saya wa Hawwa'u

A ƙauyen da ke gefen babban kanal na ban ruwa, tsakanin Kura da Bunkure, babu manomin da bai san Hawwa'u mai turara shinkafa ba. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya biyu, Zaharaddini da ƙanwarsa Muhsina, kuma da tukwanenta uku ta raine su. A kawo mata shanshera, wato shinkafar da ba a cashe ba, ta jiƙa, ta turara, ta shanya, masu inji su zo su kwashe.

Ba ita kaɗai take aikin ba. Akwai Laraba, 'yar unguwar da ke hayin kanal, wadda gidansu suka shiga addinin Kirista tun tana yarinya. Shekara ashirin da biyu suna tare. Hawwa'u ce a bakin wuta, Laraba ce mai baza shinkafa a tamfol tana juyawa. In azumi ya zo sai Laraba ta karɓi wutar, ta ce Kulu ta koma inuwa kada ƙishirwa ta kayar da ita. Ita kaɗai ke kiran Hawwa'u da Kulu a garin. Kwanon abinci kan haye kanal ranar Sallah, ya kuma hayo ranar Kirsimeti.

Da Zaharaddini ya samu adaidaita sahu yana tuƙawa a Kano, sai ya sayo wa uwarsa babbar waya don ta riƙa ganin jikokinta. Hawwa'u ba ta karanta boko, amma saƙon murya da bidiyo ba sa buƙatar karatu. Wata maƙwabciya ta saka ta a zauren matan unguwa na cikin waya, inda ake tura addu'o'i da sanarwar biki, ake kuma tura wasu irin bidiyo. Gidaje na ci da wuta, gawarwaki an rufe su da zannuwa, ga muryar wani namiji yana bayanin su wane ne suka yi, da abin da suke shirin yi nan gaba. Ba a faɗar garin da abin ya faru, ba a faɗar shekarar.

Da farko takan yi salati ta ajiye wayar. Amma turara shinkafa aiki ne mai jira, sai ya zama duk lokacin da ta rufe tukunya ta jawo wayar. Kafin damina ta fita ta daina shiga motar Garun Mallam zuwa kasuwa. Ta fara kulle ƙofa tun la'asar. In Laraba ta makara da safe, sai ta tsinci kanta tana tunanin ina ta tsaya, da wa ta yi magana.

A Kirsimetin shekarar, Laraba ta aiko da shinkafa da miyar kaza kamar kullum. Kwana biyu kafin nan an turo saƙo a zauren ana jan kunne kan cin abincin waɗanda ba Musulmi ba, wai akwai abin da suke zubawa. Hawwa'u ta karɓa ta yi godiya, sannan ta zagaya bayan rumbu ta zuba wa kaji. Washegari Laraba ta zo ɗaukar kwanonta, ta ga ragowar a ƙasa. Ba ta ce komai ba. Ta ɗaura ɗankwalinta ta shiga aiki.

Shirun nan ya fi damun Hawwa'u. Bayan mako guda ta ce wa Laraba aiki ya ragu, ta ɗan huta a gida, za ta aika in an samu. Buhunan shanshera suna jibge a zauren gidan har sun kusa taɓa rufi. Laraba ta dube su, ta dube ta.

"To, Kulu. Allah ya ƙaro aiki," in ji ta, ta tafi.

Muhsina, wadda ke karatun aikin jarida a Kano, ta zo hutu ta tarar da wannan. Ta karɓi wayar ta duba, ta nuna wa uwarta cewa bidiyon da ya fi tsorata ta ma ba a ƙasar nan aka ɗauka ba, kuma ya fi shekara takwas. Ta gaya mata abin da malamansu ke koya musu: saƙo ɗaya ba ya juya mutum, amma abin da yake kallo kullum a hankali shi ke zama ma'aunin da yake auna duniya da shi, har ya fi yarda da shi a kan abin da ke ƙofar gidansa. Ta ce a zaure irin wannan, mai shakka kan yi shiru don yana zaton shi kaɗai ne, sai kowa ya ɗauka kowa ya yarda.

"Inna, a garin nan wa kika gani da idonki an yi wa haka?"

"Sai an yi mana sannan za ki yarda?" in ji Hawwa'u. Ta fizge wayarta, ta ce boko ne ya cire wa yarinyar tsoro.

Amma maganar ta zauna mata. Sau biyu tana yafa mayafi ta nufi hayi wurin Laraba. Duka biyun, da ta isa ƙaramar gadar kanal sai ta tarar da matan unguwa suna wanki, ta gaishe su ta juyo kamar dama wurinsu ta zo.

Ana tsakiyar tsinkar tumatir aka gaya mata Laraba ba ta da lafiya, ƙafafunta sun kumbura. Ta ce in ta sauke shinkafar da ke jiƙe za ta je. Ta sauke, aka kawo wata. Ranar Alhamis da hantsi ta ji kuka daga hayi.

Sai a rana ta uku ta iya ƙetare gadar. Bulus, babban ɗan Laraba, ya taso ya durƙusa ya gaishe ta, ya shimfiɗa mata tabarma a ɗakin uwarsa. Ya ce marigayiyar ta yi ta tambayarta, har ya so ya zo ya kira ta, amma ta hana.

"Cewa ta yi, ku ƙyale Kulu, aiki ne ya yi mata yawa, ga shi ba ta da mai taya ta."

Hawwa'u ta rufe fuska da mayafi. Ta daɗe a haka, har matan gidan suka dawo suna ba ta haƙuri.

Ba ta jefar da wayar ba, don a nan take ganin jikokinta. Ta dai sa Muhsina ta fitar da ita daga zauren. Yanzu tukunya ɗaya take ɗorawa, ta ce bayanta ke ciwo. In wata ta shigo da waya a hannu ta ce zo ki ga abin da aka yi, Hawwa'u kan tambaya a wane gari ne, kuma yaushe. Yawanci ba su sani ba. Sun ce ta canza, ta cika musu, kuma da yawansu sun rage shigowa gidan.