Malam Jalo, Jagoran Kufai

Malam Jalo magini ne a Ƙofar Kuyambana, irin maginan da ke duban tubali su faɗi daga wace kududdufi aka ɗebo ƙasarsa. A shekarar 1984 wani malamin jami'a ya ɗauke shi a mota zuwa wani kufai cikin dajin gwamnati, tafiyar yini daga Zariya, don ya duba masa wata tsohuwar ganuwa. Malam Jalo ya shafa ginin. Daga baya ya ce wa iyalinsa bai taɓa ganin hannu irin na mutanen da suka gina ta ba.

Tun daga nan duk rani shi ke yi wa ɗalibai jagora. Ya san rijiyoyin wurin da marinarsa, kuma ko tsingaro ba ya bari a ɗauka.

Sai masu haƙa suka gano wurin, masu neman gumakan yumɓu da ake fita da su waje. Ɗalibai suka daina zuwa. Malam Jalo ya kai ƙara ofishin hukuma sau uku, kullum a ce masa ba mota.

A ranin 1995 'yarsa Rahmatu, mai karatun shari'a a reshen jami'a da ke Kongo, Zariya, ta ce ya kai ta ta gani. Suka sauka a ƙauyen ƙarshe, suka shiga dajin a ƙafa. Da suka isa, ramuka ne ko'ina, an farke gindin ganuwar, ƙasusuwan mutanen dā a watse cikin rana.

"Baba, mu koma," in ji Rahmatu.

"Bari in rufe bayin Allahn nan tukuna."

Ya cire rawaninsa yana tattara ƙasusuwan a ciki. Ya ja da baya, ya faɗa wani rami da ciyawa ta rufe. Rahmatu ta ji ƙarar ƙashin kwankwasonsa. Ita kaɗai ta yi gudun awa biyu zuwa ƙauye, aka zo aka ɗauko shi a kan ƙyauren ƙofa.

Ɗorin da aka yi masa bai kama ba. Shekara uku ya yi kwance a zaure, ba gini, ba fita. In abokan sana'a suka zo dubiya suka tambayi labarin kufan, sai ya juya fuskarsa bango. Ya rasu da damina, ranar Talata, bayan la'asar.