Tukunya Mai Kunne Ɗaya

Ni na kawo tsarin, kuma a lokacin har taƙama nake yi da shi. Wata ƙaramar masana'antar zuba tukwanen dalma nake kula da ita a bayan layinmu a Tudun Wada. Ta wani dattijo ce da ciwon ƙafa ya zaunar, ya sakar mini ragama. Da na karɓa, gawayin itace muke ƙonawa buhu-buhu, hayaƙi ya turnuƙe unguwa, matan maƙwabta kullum cikin aiko mana da baƙar magana kan shanyarsu. Na sa aka yi wa murhun murfi da doguwar hanyar hayaƙi, muka koma gawayin ɓuntun shinkafa da ake curawa, yashin zubi ma muka daina watsar da shi, a tankaɗe a maimaita.

Sai babban abin: mai tura kura ya riƙa zagaya gidaje har Hanwa, duk mai tsohuwar tukunya ta bayar, a ba ta sabuwa da rangwame. Dokata ɗaya ce, abin da ya shigo yau a narka shi yau, kada a tara mana bola. Ma'aikata suna tsokanata a bayan ido, wai ko tari na yi sai na sa a sake sarrafa shi. Ina ji, ba na musu.

Ana cikin haka matata ta rasu. Jinyar ba ta yi tsawo ba. Bayan zaman makoki na koma aiki, ina gaisawa da mutane, ina duba wuta, ina cin abin da aka ajiye mini. Ban ji baƙin ciki irin wanda nake zato ba. A gaskiya ban ji komai ba, kuma ban damu da rashin jin ba.

Tana da wata tukunyar tuwo da kunnenta ɗaya ya karye tun da daɗewa, ta naɗa waya a wurin tana kamawa da ita. Sau da yawa na ce abin kunya ne matar mai tukwane da wannan, in kawo mata sabuwa. Sai ta ce wannan ta san hannunta, tuwo ba ya kamawa a cikinta. Da dangi suka zo rabon kayanta, 'yarmu guda, wadda take sakandare, ba ta kalli zannuwa ko sarƙa ba. Tukunyar kawai ta ce a bar mata. A ciki take tuƙa mana tuwo in ta dawo makaranta, ko da yake gindin ya fara yoyo.

Bayan sadakar arba'in yayata ta zo gyara mana gida. Mace ce da ba ta iya ganin abu a karkace ta bar shi. Da safe ta ji mai kura yana kira a ƙofa, ta ɗauko tukunyar da ke yoyo ta miƙa masa, a ganinta alheri ta yi wa yarinya.

Bayan azahar na ga 'yata tsaye a bakin masana'anta da kayan makaranta. Ba ta taɓa zuwa wurin ba.

“Baba, Gwaggo ta ba da tukunyar Mama,” ta ce.

Na kira tsohon da ke mana zubi, na tambaye shi kurar safe.

“Manaja, ai tuni ta shiga wuta,” in ji shi. “Na ga wata mai waya a kunne, na kwance wayar na jefa. Da na san ta gida ce, da na ajiye.”

“Ba komai, Malam. Haka na ce a riƙa yi.”

Tukwanen ranar suna jere a ƙasa suna hucewa, farare tas, kowace irin 'yar'uwarta. Tukunyar matata tana cikinsu, haɗe da ta matan Hanwa da gwangwanayen lemo. Na tsaya ina kallo, ina jira wani abu ya motsa a ƙirjina. Abin da ya zo mini kawai shi ne zubin ya yi kyau, babu ko ɗaya mai ƙuraje. Na ɗauki ɗaya daidai girman waccan, na riƙe da tsumma, muka kamo hanyar gida.

A tsakar gida yayata ta fara ba da haƙuri tana hawaye. Yarinyar ta ce, “Ba komai, Gwaggo.” Sannan ta karɓi tukunyar, ta juya ta, ta duba gindin.

“Ita ce?”

“Akwai ta a ciki,” na ce.

“Sauran fa?”

“Gobe za a kai su shagunan Kwangila.”

Ta gyaɗa kai. Ta wanke ta, ta ɗora ruwa, ta tuƙa tuwo kamar kullum. Ya kama a gindi, yana warin ƙauri. Muka ci haka nan.

Washegari na fito zan tafi aiki, na ga tukunyar kife a bakin madafa tana tsanewa. Kunnuwanta biyu lafiya lau, amma ɗaya an naɗe shi da waya, irin naɗin nan na matata. Daga igiyar shanya yarinyar ta yanko, guntun yana reto.

Na zauna a kan turmi. Mai kura ya zo wucewa yana kira, ya leƙo ya gaishe ni ya wuce, idona yana kan wayar nan. Ranar ban je aiki ba.