Rijiya ta Bakwai

Jiya an yi yayyafi a Jidda, irin wanda ko kallabi ba ya jiƙawa. Ƙanshin jiƙaƙƙen dutse ya shigo ta taga, sai na tsinci kaina ina ƙirga a zuci: ɗaya, biyu, uku, huɗu. Bari in gaya maka abin da nake ƙirgawa.

Kakana na wajen uba a ƙafa ya zo daga ƙasar Hausa, shi da matarsa da babana a goye. Sun tsallake teku lafiya, amma ita ba ta shiga gari ba. Zazzaɓi ya kayar da ita a bayan ganuwa, ya binne ta da hannunsa a daji, don ba shi da takardar da zai nuna wa hukuma. Kabarin ba shi da wata alama. Sunanta aka sa mini, shi ya sa duk shekara in ruwan hunturu ya sauka, sai ya ɗauki sanda ya ce, "Amarya, yalla, mu je mu gaida takwararki."

Daga wani guntun ganuwa muke farawa, wanda ya tsira lokacin da aka rushe sauran. Shi ya ce Rumawa suka gina ta, babana ya ce Turkawa. Ni ba ruwana, inuwarta kawai nake so. Daga nan mu bi tsohuwar hanyar ruwa da ta gangaro daga duwatsun gabas. Ginin dutse ce a ƙarƙashin ƙasa, ta daɗe da ƙafewa, amma an bar mata bakuna jefi-jefi kamar ƙananan rijiyoyi. Bayan ruwa filin kan yi ɗan kore, awakin makiyaya na bin ciyawa, ƙaya na kama mini zane. A rijiya ta bakwai akwai magarya. Nan yake yin taku arba'in hannun dama, ya tsuguna ya yi addu'a, ni kuwa ina can ina cika baki da 'ya'yan magarya.

Shekarar da na cika goma idonsa ya tafi. Duk da haka ya ɗauki sanda, ya miƙo mini bakinta.

"Yau ke ce idona. Ki ƙirga da ƙarfi in ji."

Ruwan shekarar ya yi yawa, ambaliya ta kwaso yashi ta shafe wurare. Har ta huɗu lafiya lau. Daga nan muka yi ta tafiya babu rijiya. Na san yashi ya binne ɗaya, wataƙila biyu. Amma rana ta yi zafi, ƙafata na ciwo, ba na son a ce a koma a tona. Wadda na gani gaba sai na ce, "Biyar."

Ya tsaya. "Tsakaninsu ya yi nisa, amarya."

"Kai dai ka tsufa, maigida."

Ya yi dariya, muka wuce. Muka zo gindin magaryar, na gan ta da idona, bakina ya riga ya ce shida. Ban gyara ba. A ta gaba na ce bakwai. Ya yi takunsa arba'in, ya tsuguna, ya shimfiɗa tafin hannu a ƙasa. Ban taɓa ganin ya daɗe haka ba. Bayan addu'a har hira ya yi mata, ya gaya mata ciwon idonsa. Ni ina tsaye ina kallon magaryar can bayanmu.

A hanyar dawowa ya ce, "Shi ke nan. Kin riƙe wurin. Ko na tafi ba za ta rasa mai gaisuwa ba."

Bai kai wani ruwan ba, ya rasu. Babana kullum yana tashar jiragen ruwa yana dako, ni kuma na girma, an daina barina fita daji. Ba wanda ya sake zuwa.

Bara jikana ya kai ni wajen a mota. Rumbunan kaya ne da kwalta, babu ganuwa, babu magarya. Ya tambaye ni da Larabci me muke nema, na ce ba komai. Na zauna ina jiran hawaye, wallahi ko ɗigo. Mutane za su ce ai yarinya ce, kuma addu'a ba ta ɓatan hanya. Na sani. Amma duk ranar da aka yi ruwa sai na ƙirga, kuma a huɗu nake tsayawa.