Ranar da Muka Kwance Totur ɗin Babur ɗin Kawu

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, ya ƙare ƙuruciyarsa yana yi wa dabbobi allura a ƙauyuka da rugagen da ke kewaye da Sae Sabuwa. Duk yawon nan a kan babur guda ya yi shi, wani ƙaton baƙin babur na doguwar tafiya, mai faffaɗan tanki da akwatunan ƙarfe biyu a gefe. Wani Bature da ya keto hamada ne ya sayar masa da shi a Maradi, tun ina goye. Ko inji bai taɓa bari wani ya buɗe masa ba. Da hannunsa yake yin komai.

Da ya ajiye aiki, tafiyarsa ta koma guda ɗaya. Duk ranar kasuwar Cadakori sai ya je ya gaida yayarsu, wadda muke kira Inna Babba. Ita ta raine shi bayan rasuwar kakarmu, kuma ƙafa ta riga ta hana ta fita.

Ni ina koyarwa a lakol, wato makarantar boko, a Agiye. Wani hutun damina na je gaishe shi, sai na tarar da babur ɗin a zaure an lulluɓe shi da tsohuwar tabarma, kaji sun yi kashi a kai. Babban ɗansa, taubashina, ya ja ni gefe tun ban ajiye jaka ba.

Ya ce, "Na karɓe makullin. Kwanaki ya kusa afkawa cikin amalanken jaki. Ya ce wai totur ne ya ƙi komawa. Mun kai shi likita, an ce sanyin ƙashi ne ya kama masa yatsu. Hannunsa ne ya gaji, amma ba ya son ji."

"Kun nuna wa mai gyara?"

"Mun kai. Ya ɗaga tanki ya duba, ya ce bai ga komai ba, kuma irin wannan babur ko kayansa babu yanzu."

Ban ga laifin taubashina ba. Tsoro ne ya sa shi, kuma da ni ne ƙila abin da zan yi ke nan.

Na sami Kawu a gindin itacen bedi a tsakar gida, ya rame. Matarsa ta ce mini tun da aka karɓe makullin tuwo sai ya tsakura ya ture. Muka gaisa, ya tambayi mahaifiyata da 'yan lakol da yadda ruwa ya yi a gabas. Can sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba:

"Ɗana, tashi ka je zaure ka murɗa hannun babur can. Ka zo ka gaya mini abin da ka ji."

Totur shi ne hannun dama da ake murɗawa a ba babur wuta, in an sake shi ya koma da kansa. Na yaye tabarma na murɗa. Sai da na sa ƙarfi kamar mai buɗe murfin kwalba da ya cije, kuma ina jin wani abu na gurzawa a ciki. Da na sake shi, ya tsaya inda na bar shi, sannan ya ja jiki a hankali ya koma rabi.

Na dawo na ce, "Kawu, ya yi tauri. Kuma ba ya komawa."

Ya gyaɗa kai. Sannan ya ce, "Wata biyu nake faɗi."

Na tambayi taubashina ko ya taɓa murɗawa. Ya ce ya murɗa sau ɗaya, ya ɗauka haka manyan babura suke, shi ƙarami irin na kabu-kabu ya saba da shi. Sannan ya ce in dai gyara ne mu gyara, amma makulli yana wurinsa.

Da hantsi washegari muka turo babur ɗin gindin bedi. Kawu ya sa aka shimfiɗa buhu, ya zazzage kayan aikinsa daga wata jakar fata. Ya ɗauki turnabis, abin kwance noti, zai kwance akwatin da ke riƙe da totur, abin ya suɓuce daga yatsunsa sau biyu. A na uku ya miƙo mini.

"Kai ka yi, ni in faɗa."

Ban taɓa gyara ko keke ba. Alli ne sana'ata. Amma ya bi da ni a hankali, yadda nake bi da 'yan ajin farko. Kowane noti na cire sai ya sa in ajiye shi a murfin kwano bisa jeri, don kada mu ruɗe wajen mayarwa. Muka zare hannun daga kan ƙarfe. A ƙarƙashinsa tsatsa ce da tsohon giris da ya cakuɗe da rairayi ya bushe kamar laka. Ya ba ni guntun samfefa, na yi ta gogewa har ƙarfen ya yi haske.

Na ce, "To, mun gano shi."

"Tukuna. Ja wayar nan ka ji."

Wayar ita ce ke tafiya daga hannu zuwa inji, cikin baƙar riga ta roba. Na ja, da ƙyar ta motsa. Ya sa na rufe fetur, na cire mazauni, muka ɗaga tanki ni da taubashina, wanda zuwa lokacin ya bar tsayuwa daga nesa ya matso. Nan muka ga wayar ta bi ta inda ba hanyarta ba, tanki ya danne ta har rigar ta lotsa. Kawu ya taɓa wurin da yatsa. Ya ce tun asali datti ya sa ta yi tauri, da aka mayar da tanki a wurin mai gyara kuma aka ƙara mata da wannan. Bai zagi mutumin ba. Ya ce yaran yanzu ba su taɓa ganin cikin irin wannan babur ba, ina za su sani.

Muka zare wayar gaba ɗaya. Ya duba ta zare-zare ko ta fara tsinkewa, ya ce da sauranta. Sai ya kira matarsa ya roƙi man keken ɗinkinta.

Ta ce, "Malam, ɗan abin da ya rage mini ke nan."

"Zan sayo miki a Cadakori."

Ta dube shi, ta dubi ɗanta, ta shiga ɗaki ta kawo.

Ya koya mini dabara. Muka huda kusurwar leda, muka zura kan wayar a ciki muka ɗaure da zare, ta zama kamar mazurari. Muka rataye ta a reshen bedi. Da farko fetur muka zuba, ina jan wayar sama da ƙasa, baƙin ruwa na ɗiga ta ƙasa a kan yashi. Da ya fara fitowa fari sai muka zuba man keke, muka bar ta a rataye muka tafi azahar. Ranar Kawu ya cinye furarsa har ya nemi ƙari.

Da la'asar muka mayar da komai. Ya bi da wayar ta hanyarta, ya sa na juya kan babur dama da hagu don mu tabbata ba ta ɗaurewa. Sannan ya sa hannu ya murɗa, ya sake. Totur ya koma da ɗan ƙara, kas. Ya maimaita sau uku. Taubashina ya shiga ɗaki ya fito da makulli, ya durƙusa ya ajiye a gabansa.

"Baba, ka yi haƙuri. Amma kada ka tafi kai kaɗai."

Ranar kasuwa ni na hau bayansa. An yi ruwa da asuba, yashi ya kwanta, gero ya kai gwiwa a gefen hanya. Da farko tafiya ta yi daɗi, yana ta ɗaga wa masu noma hannu. Amma da muka shiga wani wuri mai zurfin rairayi sai na ji babur na rawa. Na leƙa ta kafaɗarsa, na ga hannun damansa na karkarwa, wuta na hawa tana sauka. Na ƙara riƙe shi.

Ya tsaya a gindin wani gawo, ya kashe inji. Ya daɗe yana buɗe yatsunsa yana rufewa.

Ya ce, "Totur ya gyaru. Taubashinka ma da gaskiyarsa."

"Mu huta kaɗan, Kawu."

"Ba hutu ba ne. Zo ka karɓa. Ka iya?"

Na ce na iya ƙarami. Ya ce duk ɗaya ne, sai dai wannan ba ya son gaggawa. Ya koma baya ya dafa kafaɗuna, yana gaya mini inda zan rage wuta da inda zan bi sawun amalanke. Sau biyu inji ya mutu mini, bai yi faɗa ba.

Inna Babba na zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakinta. Da ta gan shi ta ce, "Ashe kana raye." Ya durƙusa ya gaishe ta, tsoho da furfurarsa, ta yi ta yi masa faɗa a kan ramar da ya yi. Na bar su na shiga kasuwa.

Da muka koma gida, shi da kansa ya kira ɗansa ya gaya masa abin da ya faru a hanya, bai rage komai ba. Ya ce daga gobe zai fara koya masa babur ɗin, tuƙi da gyara duka.

Na koma Agiye da hutu ya ƙare. Bayan 'yan makonni taubashina ya kira ni a waya. Ya ce duk ranar kasuwa shi ke kai tsohon Cadakori, kuma tun daga ƙofar gida har su isa ba ya rufe baki, rage wuta, bi ta dama, ka ga rami. Na tambaye shi ko ya gaji.

Ya ce, "Na gaji mana. Jibi ma za mu je."