Kwanon Gwaggo a Kan Katanga

Likitar ta kwance abin awon daga damtsena, ta dubi takardar da ke gabanta, sannan ta dube ni. Ta ce tansiyo ya hau, wato hawan jini, sukari ma ya fara yawa a jini, in ban rage ƙiba ba nan gaba kaɗan magani kawai ba zai riƙe ni ba. Sai ta tambaya ko akwai mai wannan ciwo a danginmu. Na ce babana. A Yamai aka yanke masa ƙafa, daga ɗan miki a yatsa, kuma bai dawo Filingué da ransa ba. Ta ajiye biro ta ce, to, ba sai ta yi mini dogon bayani ba.

Lokacin ina koyarwa a wata lakwal cikin gari, mijina ya yi shekara uku da rasuwa, 'ya'yana biyu suna karatu a Yamai. Ni kaɗai ce a gida. Duk mai jin haka zai ce abu ya zo da sauƙi, tunda ba wanda zan dafa wa sai kaina. Wanda zai faɗi haka bai san Gwaggo ba.

Gwaggo yayar babana ce, ita ta riƙe ni tun ina shekara huɗu da uwata ta rasu. Gidanta da nawa katanga ɗaya ta raba, katangar da ba ta wuce kafaɗa ba. Tun ranar da na fita takaba, kullum bayan la'asar sai na ji ƙarar kwano a kan katangar nan, sai muryarta: "Ke, ɗauki." Tuwon hatsi ne malmala uku, miyar kuka tana ninƙaya cikin man shanu, wata rana da dunƙulen fura a gefe. A wurinmu kwanon da aka aiko maka ba ya komawa da abinci a ciki, sai in faɗa kake nema. Za ka cinye, ka wanke, ka saka ɗan goro ko dabino ka mayar. Shekara uku ina haka, jikina yana buɗewa, Gwaggo tana murna. In na shiga gidanta sai ta kama damtsena ta girgiza a gaban baƙi, ta ce su dubi aikinta.

Na dawo daga likita na fara gyara abin da ke hannuna. Na kawar da babbar tukunya, na sayo ƙarama wadda abokan aikina suka ce ta wasan yara ce. Da safe kunun hatsi kofi ɗaya ba sukari, da dafaffen ƙwai. Kwana uku na farko sai da na yi kamar zan yi kuka a kan kunun nan, don ni mace ce mai zuba sukari har cokali ya gaji. Da rana in na taso daga lakwal, wake ne da na jiƙa tun safe, ludayi ɗaya, da albasa da ɗan yaji. Da marece kwaɗon zogala, wanda Zabarmawa ke kira kopto: in tafasa ganyen, in matse, in yanka tumatir da albasa, in barbaɗa ƙuli-ƙuli kaɗan, mai kuma rabin cokali. In an samu kayan lambu a kasuwa nakan canza da kabeji ko salati, wata rana busasshen kifi a ruwan yakuwa. Duk cikinsu ba wanda ke cin rabin awa a kan resho. Bayan sallar asuba in zaga unguwa da ƙafa, ba na wuce gidajen ƙarshe, don a shekarun nan ba mai son ya yi nisa da gari shi kaɗai.

Duk wannan ya yiwu. Abin da ya gagare ni shi ne kwanon la'asar.

Sau nawa na shirya maganar a bakina, in na je gabanta sai ta maƙale. Yaya zan ce wa matar nan abincinta ne ke kashe ni? A shekarar yunwa, ina ƙarama, a ƙauyenmu na Kurfai, ita ce ke shiga daji ta ɗebo 'ya'yan anza, ta jiƙa su kwana da kwanaki har ɗacin ya fita, ta dafa, ta tura mini nata rabon ta ce ta ƙoshi. An gaya mini har an fitar da rai da ni saboda rama. Kowane nama da ke jikina Gwaggo tana ganin ita ta ɗora shi, kuma ba ƙarya ta yi ba. Ga shi sunan ciwon nan ba a ambatonsa a gabanta tun rasuwar ƙanenta. In wani ya soma, sai ta tashi ta ba shi wuri.

Sai na zaɓi hanyar matsorata. Kullum in ɗauki kwanon in yi godiya da ƙarfi, in shiga ɗaki. Ba zan iya ba maƙwabta ba, kafin gari ya waye labari ya kai mata. Don haka nakan gutsuttsura tuwon in shanya a kan wani buhu bisa rumfar bayan ɗakina, in ya bushe in ɗura a jaka in kai wa wata abokiyar aikina mai kiwon tumaki. In wanke kwano, in saka goro, in mayar kan katanga. Kowace rana da na yi haka sai na ji kamar na yi sata.

Wata uku, zanena ya fara zagaya ni da saura. Numfashina ya daidaita, na daina tashi da ciwon kai. Likitar ta yi murmushi karo na farko. Amma a gari ba wanda ya yi mini barka. A kasuwar Lahadi mata suka riƙa riƙe hannuna fiye da kima suna tambayar lafiya, in na wuce in ji an rage murya. A nan mace mai albashi ba ta ramewa haka kawai, ko ciwon da ake ɓoyewa ne, ko an yi mata wani abu. Wata har ta ce mini in yi haƙuri, kowa da tasa jarrabawar. Na ce mata na gode, raina kuwa yana tafasa.

Gwaggo ta kira ni wata Juma'a. Na same ta zaune a kan tabarma, ta miƙe ƙafa ɗaya, ta rufe ta da gefen zane. Kwanakin nan tana ɗingishi, ta ce ƙaya ce ta taka.

"Zamna," in ji ta. "Mi as same ki?"

"Lahiya lau nike, Gwaggo."

"Lahiya? Ƙashin wuyanki ya hito. Kina cin tuwon da nika aiko miki?"

"Ina ci."

"Duka?"

"Duka, Gwaggo."

Ta daɗe tana kallona. "Kina ci kina ramewa. To wanga ba ciwon likita na ba. Na aika ƙauye. In hatsi ya yi tsawo mu tahi a buga miki goge, a ji ko wa ka cin abincinki tare da ke."

Mutanen ƙauyenmu har yau akwai masu riƙe da bori, kuma Gwaggo, duk da sallarta da carbinta, ba ta taɓa raina su ba. Na san abin da aikawar nan ke nufi: za a tara dangi, a nemi akuya, a ɗauko masu goge, duk a kan ƙaryata. Nan ne ya kamata in buɗe baki. Na ce, "To, Gwaggo," na tashi. Ta ƙara yawan tuwon daga ranar, malmala huɗu.

Asirina ya tonu wata ranar Lahadi a farkon damina. Ina kasuwa ina zaɓen zogala sai hadari ya haɗo daga gabas, iska ta fara kwashe rumfuna. Na tuna shanyata, na kama hanya da sauri. Ko da na shiga gida, an riga an kwashe mini tufafin da na bari a igiya, an ninke a bakin ɗaki. Gwaggo ce ta zagayo da ɗingishinta don kada ruwa ya jiƙa mini kaya. Tana tsaye a bayan ɗaki kusa da turmin da ta taka ta kai ga rumfar, buhun yana ƙasa a gabanta, busasshen tuwonta ya watse ko'ina.

Ba ta yi faɗa ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta duƙa tana tsince gutsattsarin ɗaya bayan ɗaya tana zubawa a gefen zanenta, ruwa ya fara sauka a bayanta. Na ce, "Gwaggo, bari in gaya miki." Ta ce, "Hatsi na. Ba a barin shi ƙasa." Ta tsince tas, ta wuce ni ta fita.

Washegari la'asar ta yi, katanga ba kowa. Na zauna da kwanon kwaɗona a cinya ina sauraren ƙarar da ba ta zo ba. Abin da na yi wata uku ina fata ke nan, ga shi ya samu, kuma na kasa haɗiye ko loma ɗaya. In na gaishe ta ta kan katanga sai ta amsa a gajarce, kamar ana gaisawa da baƙo a tasha. Kwana shida muna haka. Na ji tsoro ƙwarai, don ban da ita ba ni da wanda ya san ni tun ban san kaina ba.

A rana ta bakwai na haɗa kwaɗon zogala na mutum biyu a 'yar tukunyata, na zuba a kwano, na zagaya ta ƙofa. Tana kan tabarmar nan. Na durƙusa na ajiye kwanon a gabanta, na faɗi komai kafin zuciyata ta karye: likita, awon jini, da sunan ciwon. Na ce ciwon Baba ne, Gwaggo, shi nake gudu. Na ce na ji tsoron gaya mata, kuma na yi mata laifi, ta yafe mini.

Na jira ta tashi ta ba ni wuri kamar yadda take yi wa kowa. Ba ta tashi ba. Ta buɗe kwanon, ta ɗebi kaɗan da yatsu uku, ta tauna a hankali.

"Ba mai," in ji ta.

"Kaɗan aka ce in sa."

"Shi likitan, ya ce in mutum ya ci wanga ba a yanke mai ƙahwa?"

"Ta ce in an tare shi da wuri, Gwaggo."

Sai ta kai hannu ta janye gefen zanen daga ƙafar da take ɓoyewa. An naɗe babban yatsan da tsumma. Ta warware shi a hankali, na ga mikin, bakinsa ya yi duhu, ya fi ƙarfin ƙaya nesa ba kusa ba.

"Wata biyu ke nan bai rufe ba," ta ce, ba ta dube ni ba. "Shi ma nashi haka yah hwara."

Na riƙe ƙafar da hannu biyu. Na ce gobe da sassafe za mu tafi likita. Ta jawo kwanon kusa da ita, ta tura mini rabi zuwa gefena kamar yadda take yi tun ina ƙarama, ta ce in ci kafin ya saki ruwa.